Hannun jarin kamfanin batir da bai fara sayar da komai ba: in saya ko in haƙura?

Mai Sola, Emir Yahaya:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma zan ɗan tsawaita don kada a amsa mini abin da ban tambaya ba.

Sana'ata sayar da kayan sola da haɗa su a gidaje, shagona yana kan titin Emir Yahaya a nan Sakkwato. Duk wanda ke wannan harka ya san batir ne ke cinye kuɗin mutane. Fanel ka ɗora shi a rufi ka manta da shi. Amma batir mai ruwa, dogayen nan na tubula, in zafin Afrilu ya same shi a ɗakin da ba iska, ga firij ga fanka dare da rana, shekara biyu ma sai da lallaɓawa. Shi ya sa masu hali daga Arkilla zuwa Bado duk sun koma na litiyam, kuma kullum ciniki ƙaruwa yake. Wannan da idona nake gani, ba labari aka ba ni ba.

To ƙanena da ya gama jami'a yana sayen hannun jarin Amurka ta manhajar waya. Shi ya kawo mini zancen wani kamfani mai suna QuantumScape da ke Kalifoniya. Ya ce suna ƙera batir na litiyam irin wanda ake kira maras ruwa, ba ya saurin kama wuta, ya fi na yanzu ɗaukar caji, kuma yana tashi daga kashi 10 zuwa kashi 80 cikin ƙasa da minti 15. Ya ce Volkswagen ta zuba musu kuɗi, Bill Gates ma yana ciki. Hannun jarin ya taɓa haura dala 130, yanzu kuwa ko kusa da can bai kai ba, wai wannan shi ne arha. Ya ƙara da cewa kuɗin da ke dala ya tsira daga faɗuwar naira.

Ina da naira miliyan 4 da na ware don saro kaya kafin bazara. Yana so in cire rabi in sa a can, in bar shi shekara biyar.

Abin da ya tsaya mini a rai ɗaya ne. Na ce masa nawa suke sayar da batirin, ko zan iya yin odarsa in gwada? Sai ya ce ai ba su fara sayarwa ba tukuna. Na ce to albashin ma'aikata fa, daga ina? Sai ya fara yi mini Turanci.

Ni dai na san batir na da kasuwa. Amma kamfanin da bai sayar da ko ɗaya ba, me mutum yake saye in ya sayi hannun jarinsa? Wanda ya sani ya taimaka, Allah shi saka da alheri.

Injiniya Arkilla:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ƙanenka bai yi maka ƙarya ba, sai dai rabin labarin ya ba ka.

Kamfanin na gaske ne. An kafa shi a 2010 a San Jose, kuma masu ilimi ne a ciki. Bari in faɗi abin da suke ƙoƙarin yi, don kai mai taɓa batir ne, za ka gane da wuri. A batirin litiyam na yau akwai ɓangare biyu, da ruwan sinadari a tsakani wanda litiyam ke bi yana kai da komo, da siririn shamaki na roba da ke hana ɓangarorin haɗuwa. Ɓangare ɗaya an cika shi da baƙin ma'adinin nan da ake yin bakin fensir da shi, aikinsa kawai ya riƙe litiyam. Yana cin wuri, yana da nauyi. Tun shekarun 1970 an san cewa in aka cire shi aka bar tsantsar ƙarfen litiyam, batir zai ɗauki caji fiye da haka. Matsalar ita ce in ana caji, ƙarfen yakan tsiro siraran allurai su huda shamakin, ɓangarorin su haɗu, wuta ta tashi. Su QuantumScape sun ce sun samo shamaki na tangaran, siriri ƙwarai, wanda alluran ba sa hudawa. Dukan darajar kamfanin a kan wannan fallen tangaran take.

Kuma a ɗakin gwaji ya yi aiki. A farkon 2024 PowerCo, reshen batir na Volkswagen, ya sanar cewa ya yi wa samfurinsu caji da saukewa sau 1,000, bai rasa ko kashi 5 na ƙarfinsa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma Alhaji, ƙwayar da suke magana a kanta mai 5Ah ce. Kai da ke sayar da mai 200Ah ka san girman abin. Mota ɗaya tana buƙatar dubbai, kowace ƙwaya kuma da falle-fallen tangaran da yawa a jere, kuma tangaran sai an gasa shi a wuta mai tsanani. In falle ɗaya ya tsage ko ƙura ta shiga, ƙwayar ta tashi aiki. Yin guda ɗari masu kyau a hannun masu digirin digirgir daban, yin miliyoyi a kowane wata a farashin da mai mota zai biya daban. A nan kamfanonin batir ke mutuwa, ba a wajen kimiyya ba.

Dubi Northvolt ta Suwidin. Tsofaffin manyan ma'aikatan Tesla ne suka kafa ta a 2016, Volkswagen da Goldman Sachs ne manyan masu hannun jarinta, ta tara fiye da dala biliyan 10. Kuma ba wani sabon abu ta ce za ta ƙirƙiro ba, batirin da ake yi a Sin da Koriya shi za ta yi a Turai. Masana'antar ta kasa fitar da kaya masu kyau da yawan da aka yi alkawari. BMW ta soke odar yuro biliyan 2 a watan Yunin 2024, a Nuwamba kamfanin ya nemi kariyar kotu a Amurka, a Maris 2025 ya durƙushe a gida. Kafin ita akwai A123 a Amurka, wadda gwamnatinsu ta ba tallafin dala miliyan 249, ta karye a 2012, wani kamfanin Sin ya saye ta. Akwai Britishvolt ta Ingila a Janairun 2023, ko masana'antar ba ta gina ba. Sunan Bill Gates kuwa, yana cikin waɗanda suka zuba kuɗi a Aquion mai batirin ruwan gishiri, ita ma ta karye a 2017. Shi in guda tara sun mutu ɗaya ta rayu, ya ci riba. Kai guda ɗaya za ka saya.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya fi shafarka. Cinikin da kake gani a shagonka ba na wannan kamfani ba ne. Batirin sola da kake sayarwa nau'in LFP ne, mai ƙarfe da fosfet, kuma kusan duk ƙwayoyinsa daga Sin suke, wajen su CATL da BYD da ire-irensu. Fiye da kashi 70 na batirin litiyam na duniya a Sin ake yin sa. Batirin da ke jingine da bangon ɗaki ba ruwansa da nauyi ko girma, arha da daɗewa ake nema. Na QuantumScape don motoci masu tsada aka nufa da shi. Ko ya yi nasara, ba shi ne zai zo Mabera ba.

Ɗan Kara:

Alhaji ranka shi daɗe, ni ban yi boko ba, yarona ka rubuta mani. Abin ga da anka ce a waya ɗai ka ganin shi, ba ka iya tahiya ka ga shagonsu, ni ba ni sa mai ko sisi. Mutane nawa sunka yi kuka da MMM? Ga CBEX nan ma. In kuɗɗin sun yi maka yawa ka zo mu sai albasa lokacin da ta yi arha mu aje, in damana ta kama mu hidda. Ko ta ruɓe dai ka ga ruɓaɓɓar da idonka.

Hajiya Akanta:

Baba Ɗan Kara, a yi wa kamfanin adalci. MMM da ta rufe a Disambar 2016 da CBEX da ta tafi da kuɗin mutane a Afrilun 2025 damfara ce tsagwaronta, kuɗin na baya ake ba na gaba. Wannan kuwa kamfani ne da ke kan kasuwar hannun jarin Amurka, duk wata uku dole ya buga lissafinsa kowa ya gani. Ana iya yin asara mai zafi a wurin da ba a yi sata ba.

Alhaji, tambayarka ta albashi ita ce tambayar. Na yi shekaru a banki ina duba takardun masu neman rance, kuma da ita nake farawa. Amsar ita ce masu hannun jari ne ke biyan albashin. A 2022 da 2023 da 2024, kowace shekara kamfanin ya bayyana asarar fiye da dala miliyan 400. Ba ɓarna ba ce, haka bincike da gina masana'anta suke. Amma in asusu ya yi ƙasa, tunda ba ciniki, sai a buga sababbin hannayen jari a sayar. A Maris 2021 sun sayar a kan dala 40 kowane ɗaya. A Agustan 2023 sun sake sayar da miliyan 37 da rabi a kan dala 8. Duk lokacin da aka yi haka, naka yana nan yadda yake a lamba, amma kasonka a kamfanin ya ragu. Kamar fura ce a ƙwarya, baƙi suna ta shigowa ana ƙara ruwa: ludayinka bai canza ba, abin da ke cikinsa ne ya tsinke. Saboda haka ba nasarar batirin kaɗai kake jira ba, kana jiran ta zo kafin a tsinka rabonka da yawa.

Zancen dala 130 kuma, ƙanenka ya cire shi daga ransa. Kamfanin ya shiga kasuwa a Nuwamban 2020 ta wata gajeriyar hanya da aka yi yayi a lokacin, inda ake haɗe kamfani da wani kamfanin da ba shi da komai sai kuɗi a asusu. Cikin wata ɗaya mutane suka yi masa rububi har darajarsa ta kusa dala biliyan 50, ta wuce ta Ford mai sayar da miliyoyin motoci. Wancan farashin zazzaɓi ne, ba ma'auni ba. A lokacin sun ce za a fara ƙerawa don kasuwa wajen 2024. Shekarar ta zo ta wuce.

Ga lissafin dalar. Wanda ya saya a ƙololuwa a Disambar 2020, dala tana wajen naira 470 a hannun 'yan canji, ya biya kusan naira 60,000 a kan guda ɗaya. A ƙarshen 2024 dala ta haura 1,500, ta ninka fiye da sau uku, amma hannun jarin yana wajen dala 5. Abin da ke hannunsa bai kai naira 10,000 ba. Dala ta tashi, shi bai tashi da ita ba. In tsoron naira ne, wannan matsala ce daban, maganinta daban.

Ka kuma duba manhajar da kanta, ko tana cikin jerin masu rajista a shafin hukumar SEC ta Najeriya mai kula da kasuwar hannun jari. A Agustan 2021 Babban Banki ya sa kotu ta rufe asusun wasu daga cikin irin waɗannan manhajoji na wani lokaci. An buɗe daga baya, amma mai buƙatar kuɗinsa a makon bai ji daɗi ba.

Ni dai a ra'ayina jarin shago ba ya zuwa irin wannan wuri. Kuɗin da kake juyawa sau da yawa a shekara, a sana'ar da ka fi kowa a zauren nan sani, za ka kai inda ba a raba riba kuma ba ranar da aka sa.

Mai Sola, Emir Yahaya:

Hajiya na gode, Allah shi ƙara basira. Wato in na fahimta, ni ne cinikin nasu. Injiniya, maganarka ta LFP ta shige ni, don kwalayen da ke shagona duk rubutun Sin ne a jiki. Kuma gaskiya farashinsu a dala sauka yake, abin da na saro bara in ban sayar da wuri ba sabon kaya ya zo ya karya shi.

Ɗan Kara, albasa sai ku. Ni warin rumbun ma ba na iyawa.

Saura ɓangaren addini, ko akwai mai haske a kai.

Ɗalibi, Gidan Kanawa:

Alhaji, ba fatawa zan ba da ba, wannan na malamai ne. Ƙera batir halal ne, ba a magana. Inda ake dubawa shi ne kuɗin kamfanin. Ma'aunin da hukumar AAOIFI ta Bahrain, mai tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, ta shimfiɗa, wanda yawancin masu tantance hannun jari ke bi, ya ce bashi mai ruwa kada ya kai kashi 30 na darajar kamfani a kasuwa, kuɗin da aka ajiye a wurin da ke ba da ruwa shi ma kada ya kai kashi 30, sannan abin da ke shigowa ta haramtacciyar hanya kada ya wuce kashi 5 na dukan kuɗin shiga.

To ka ga inda gizo ke saƙa. Kamfanin da bai fara ciniki ba yakan zuba kuɗin da ya tara a takardun bashin gwamnatin Amurka, kuma kuɗin ruwan da ke fitowa daga nan kusan shi ne duk abin da ke shigo masa. Shi ya sa za ka ga masu tantancewa sun saɓa a kan irin waɗannan kamfanoni, kuma hukuncin kan canza in farashi ya motsa. Ka kai wa malamin da ya san mu'amalar zamani takardar lissafin, ba sunan kamfanin kawai ba.

Zakka ma a tambaya. A Malikiyya an bambanta mai juya kaya kullum, wanda ke ƙiyasta kayansa duk shekara ya fitar, da mai ajiyewa yana jiran farashi, wanda sai ya sayar yake fitar da ta shekara ɗaya. Shagonka na farko ne, wannan ajiyar ta shekara biyar ta fi kama da na biyu.

In wurin ajiya kake nema, akwai Sukuk, takardun zuba jari marasa ruwa na Gwamnatin Tarayya, da aka fara a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi, ana shiga da naira 10,000. Sai dai shi a naira yake.

Matashi 2030:

Iyayena ku yi haƙuri, amma kun taru a gefe ɗaya. Duk wanda ya lissafo waɗanda suka mutu ya lissafo wanda ya rayu. CATL a 2011 aka kafa ta, yau ita ke da fiye da kashi ɗaya cikin uku na batirin motocin lantarki a duniya. Tesla ma ta yi shekaru tana asara ana yi mata dariya.

Kuma misalin Northvolt bai zauna daidai ba. Ita masana'anta ta gina da bashi. QuantumScape ta sauya hanya a Yulin 2024, ta yi yarjejeniya da PowerCo cewa su za su ƙera, ita ta karɓi kuɗin lasisi. An yi maganar gigawat-awa 40 a shekara, ana iya kai shi 80, wanda ya isa mota kusan miliyan ɗaya. A Satumban 2025 a Munik an nuna babur ɗin Ducati yana tafiya da batirin nasu a gaban jama'a. Ba zane a takarda ba ne.

Ban ce Alhaji ya sa miliyan 2 ba. Ni abin da na sa bai fi kuɗin waya ɗaya ba, in ya tafi ba zan fasa cin tuwo ba. Amma a ce kada a taɓa sam, ban yarda ba.

Injiniya Arkilla:

Ƙanena Matashi, gyaranka a kan lasisi daidai ne, ya rage musu nauyin gini. Amma ya rage rabonsu ma, domin mai karɓar kuɗin lasisi ɗan kaso yake samu a kan kowane batir, kuma sai wani ya ga dama ya gina masana'antar. Yarjejeniyar kanta an ɗaure ta da sharaɗin sai fasahar ta kai wasu matakai. Babur ɗaya a dandalin baje koli kuwa yana nuna batirin na aiki, wanda dama ban musa ba. Bai faɗi nawa aka kashe wajen yin sa ba, ko guda nawa aka zubar kafin a samu masu kyau.

Sannan abokan hamayya ba barci suke ba. Toyota ta sa 2027 zuwa 2028 don nata batirin maras ruwa, Samsung SDI ma 2027 take faɗa, kamfanonin Sin suna kai. Tsohon batirin kuma kullum arha yake ƙarawa: a ƙididdigar BloombergNEF, kilowat-awa ɗaya ya fi dala 1,000 a 2010, a 2024 ya dawo 115. Sabon zai fito ya tarar da farashin da ba shi aka yi lissafi da shi ba a 2020.

Tunda ka riga ka saya, in takardarsu ta wata uku ta fito, ka tsallake hotunan ka nemi abu uku: kuɗin da ya rage a asusu, adadin hannayen jari in ka gwada da na bara, da ko akwai kamfanin mota na biyu da ya sa hannu da sunansa a fili ya kuma biya.

Mai Sola, Emir Yahaya:

Kuɗin kaya dai Legas za su tafi ranar Litinin, na riga na kira mai ba ni kaya. Ƙanena na tura masa duk abin da kuka rubuta, ya ce zai shigo ya amsa wa Hajiya da kansa a kan lissafin dalar. Na ce masa ya zo da alƙalami.

Injiniya, wata tambayar daban. Mai ba ni kayan ya fara yi mini tallar batirin sodiyam, wai ya fi arha nan gaba kuma ba ruwansa da litiyam. In na karɓo guda biyu na gwaji, za ka leƙo shago mu ɗora musu lodi mu gani kafin in sa wa mutane a gida?